Yadda Ake Buga Kwafin Zanen Monet na Mace Mai Lema Ba Tare da An Kashe Haskensa Ba

A shekarar 1875, a garin Argenteuil da ke bakin kogin Seine kusa da birnin Paris, mai zanen nan Bafaranshe Claude Monet ya zana matarsa Camille tana tsaye a kan wani ɗan tudu mai ciyawa, riƙe da lema, iska na kaɗa siririn mayafin da ke fuskarta, yayin da ɗansu Jean yake can bayanta kaɗan, ba a ganinsa sai daga ƙugu zuwa sama. Zanen na fentin mai ne a kan kanbas, tsayinsa santimita 100, faɗinsa kuma 81. An nuna shi a baje kolin masu salon Imfireshanizim karo na biyu a 1876, kuma a yau yana gidan adana zane-zane na National Gallery of Art da ke Washington a Amurka, inda Paul Mellon da matarsa suka ba da shi kyauta a 1983.

Masu wannan salo sun fi damuwa da yadda haske ke sauka a kan abu a wani lokaci na yini fiye da fito da kamannin fuska dalla-dalla, kuma wannan ne ya sa buga kwafin aikinsu yake da wuya fiye da yadda ake zato. Rigar Camille fara ce, amma idan ka matsa kusa za ka tarar da shuɗi, da toka-toka mai ɗan shunayya, da ɗigon rawaya da furannin ciyawar suka hasko mata, farin zalla kuwa kaɗan ne. Kwafin da ya mayar da rigar nan fara fat, ko ya mayar da sararin sama shuɗi mai ƙyalli irin na fastar talla, ya zubar da abin da Monet ya fita fili ya zana. Duk matakan da ke biye an jera su ne domin kare waɗannan launuka masu laushi. Wanda kuma ba ya rataye hoton mai rai a ɗakinsa zai iya bin matakan nan daidai da zane-zanen Monet na furen bado ko na bakin teku.

Samo hoton daga tushe

Mataki na farko shi ne samun fayil mai kyau, kuma a nan ne mafi yawan kwafi ke lalacewa tun kafin a kai ga tawada. Hotunan wannan zane sun cika intanet, amma da yawansu an ɗauko su ne daga littafi ko kalanda, an ƙara musu kaifin launi, an yanke gefunansu, wasu ma an juya su dama ta koma hagu. Ka tafi kai tsaye shafin gidan da ke riƙe da zanen, ka neme shi da sunan da suka rubuta masa da Turanci, wato Woman with a Parasol, sannan ka sauke mafi girman fayil ɗin da suka bayar. Wannan gida yana sakin hotunan tsofaffin ayyukan da ke hannunsa kyauta a ƙarƙashin tsarin CC0, wanda ya halatta wa kowa amfani da su har don kasuwanci. Monet ya rasu a 1926, don haka shekaru 70 da dokokin ƙasashe da dama suka tanada na haƙƙin mallaka bayan rasuwar mai aiki sun shuɗe tuni.

Ka lura da abu ɗaya. A 1886 Monet ya sake zana wasu zane-zane biyu na mace riƙe da lema a kan tudu, waɗanda wata budurwa mai suna Suzanne Hoschedé ta tsaya masa, suna kuma gidan adana zane-zane na Orsay a Paris. Waɗancan babu yaro a cikinsu, kuma fuskar macen kusan a shafe take. Idan ba ka ga Jean da hularsa a ɓangaren hagu ba, to ba zanen 1875 ka sauke ba, ko kuma an juya hoton.

Lissafin girma

Kafin ka je wurin mai bugawa, ka buɗe bayanan fayil ɗin ka ga yawan fiksel ɗinsa, wato ƙananan ɗige-ɗigen da suka haɗu suka zama hoton, a tsaye da a kwance, domin shi ne zai faɗa maka iyakar girman da za ka iya bugawa. Ƙa'idar da masu buga aikin zane suka saba bi ita ce fiksel 300 a kowane inci ga hoton da za a kalla daga kusa, inci ɗaya kuwa santimita 2.54 ne. Idan kana son rabin girman zanen na asali, wato santimita 50 a tsaye da 40.5 a kwance, kana bukatar fayil mai fiksel kusan 5,900 a tsaye da 4,780 a kwance. Wannan fayil ɗin zai iya ba ka cikakken girman, santimita 100 da 81, a kan fiksel 150 a inci, abin da ya wadatar ga hoton da za a tsaya nesa da shi da mita ɗaya da rabi ko biyu. Idan fayil ɗinka bai kai haka ba, ka raba yawan fiksel ɗin tsayinsa da 200, ka ninka abin da ya fito da 2.54, ka ɗauki wannan a matsayin iyakar tsayin da za ka buga a santimita.

Akwai manhajojin da ke ƙara wa hoto girma ta hanyar ƙirƙiro abin da babu shi a ciki. A ganina bai dace a yi amfani da su a kan wannan zane ba, saboda sukan ɗauki shafar buroshin Monet a matsayin aibi su goge ta, ko su ƙera wa Camille idanu da leɓɓa masu kaifi waɗanda mijinta bai zana mata ba. Ƙaramin kwafi na gaskiya ya fi babba da inji ya yi wa ƙari.

Sai batun tsarin tsayi da faɗi. Faɗin zanen kashi 81 ne cikin 100 na tsayinsa, takardun A3 da A2 kuwa sun fi haka tsawo. Mai bugawa da ke gaggawa zai ja hoton ya cika takardar, sai Camille ta ƙara tsawo ta rame, ko kuma ya yanke gefe ya tafi da wani sashe na gajimare ko na sa hannun mai zanen da ke ƙasa ta dama. Ka ba shi awon a rubuce. A kan A3, mai santimita 29.7 da 42, ka sa hoton ya zama 24.3 da 30. A kan A2, mai santimita 42 da 59.4, ka sa shi 36 da 44.4. Farin gefen da ya rage yana da amfani, domin shi za a riƙe da hannu, shi kuma zai shiga ƙarƙashin kwalin firam.

Zaɓen wurin bugawa, tawada da takarda

Masu buga fastoci da allunan talla suna da manyan injina, farashinsu kuma da sauƙi, amma an ƙera injinan nasu ne don aikin da za a hanga daga tsallaken titi, ba su iya bambance shuɗi biyar masu kama da juna a cikin gajimare ɗaya ba. Wurin da kake nema shi ne inda ƙwararrun masu ɗaukar hoto ke kai aikinsu, inda ake irin bugun da ake kira giclée. Injinan wannan aiki, irin su Epson SureColor na jerin P da Canon imagePROGRAF PRO, suna aiki da tawada kala 9 zuwa 12, ciki har da toka-toka da shuɗi mai haske, saɓanin kala 4 na firintar ofis.

Tambayar farko da za ka yi wa mai shagon ita ce wace irin tawada ce a cikin injin. Iri biyu ne. Akwai ta rini, wadda launinta ke narkewa cikin ruwa, tana da ƙyalli a ranar farko amma tana koɗewa da wuri kamar atamfar da aka yawaita shanyawa a rana. Akwai kuma ta garin launi, wadda ake kira pigment, wadda ƙananan ƙwayoyin launi ne ke zama a fuskar takarda, kuma ita ce ke jure haske na shekaru masu yawa idan an adana ta yadda ya kamata. Ta biyun kake so. Ka kuma tambaya ko tawadar ta kamfanin injin ce ko ta ɗurawa ce, domin bayanan launin da kamfanonin takarda ke bayarwa an auna su ne da tawadar asali.

Takarda kuwa, ka nemi ta auduga zalla marar asid, mai nauyin giram 300 ko sama da haka a kowace murabba'in mita. Daga cikin sanannu akwai Photo Rag ta kamfanin Hahnemühle na Jamus mai giram 308, da Rag Photographique ta Canson mai giram 310. Ka guji takarda mai fari ƙal wanda ke ɗaukar ido, saboda sau da yawa sinadarin ƙara fari ne aka sa mata, kuma yana gajiya da tafiyar lokaci, sai takardar ta koma rawaya-rawaya, launukan da aka daidaita a kanta su karkace. Takarda marar ƙyalli ba ta fito da baƙi mai zurfi kamar mai ƙyalli, amma wannan ba matsala ba ce a nan, tunda mafi duhun wuri a zanen shi ne inuwar da ke kan ciyawa da cikin lemar, su ma kore ne mai duhu.

Mutane da yawa sukan zaɓi kanbas, suna ganin tunda a kansa aka yi na asali shi ya fi dacewa. Ni dai na fi son takarda mai santsi ga kwafin da bai wuce santimita 60 ba. Dalili shi ne hoton da gidan adanawa ya ɗauka ya riga ya kamo saƙar kanbas ɗin Monet da tudun fentinsa, har da wuraren da ya bari ba fenti sosai a sararin sama, to idan aka ɗora wannan a kan wata saƙar sai biyun su riƙa cin karo, ƙananan shafe-shafen mayafin su ɓace. Kanbas ya fi amfani idan za a buga cikakken girma, inda gilashi zai yi nauyi da tsada.

Shirya fayil

Abin da za a yi a nan kaɗan ne, kuma gara ya zama kaɗan. Ka yanke duk wani baƙin gefe da ba na zanen ba, ka saita awon da ka zaɓa, ka ajiye fayil ɗin a tsarin TIFF, domin JPEG yana zubar da wani abu duk lokacin da aka sake ajiye shi. Kada ka cire bayanin launin da ya zo manne da fayil ɗin, ko sRGB ne ko Adobe RGB, kuma kada ka mayar da shi CMYK, wato tsarin tawada kala 4, saboda waɗannan injina RGB suke karɓa su yi rabon tawadarsu da kansu. Ka kai shi a filash ko ka tura ta imel. Idan ta WhatsApp ne dole, ka tura shi a matsayin fayil, wato document, domin idan ka tura shi a matsayin hoto manhajar za ta matse shi ta rage masa fiksel.

A shagon, ka tabbatar mai bugawa ya ɗora bayanin launi na ICC, wato ɗan fayil da ke faɗa wa inji yadda launi ke fitowa a kan takarda, wanda ya dace da wannan inji da wannan takarda musamman. Kamfanonin takarda suna ba da shi kyauta a shafukansu. Ka roƙe shi kuma ya kashe duk wani gyaran launi na kai-tsaye da ke cikin manhajar injin.

Bugun gwaji

Wannan ne matakin da ya fi kowane muhimmanci, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa don gudun kashe kuɗin ƙyallen takarda ɗaya. Kafin a buga babban, a yanko wani siririn sashe na hoton a ainihin girman da za a buga, faɗinsa kamar santimita 10, wanda ya ratso daga lemar, ya bi ta fuska da riga, ya sauka kan ciyawa. A buga shi a kan takardar da za a yi aikin da ita, a bar shi ya sha iska na ɗan lokaci, sannan ka fita da shi inda hasken rana yake amma ba ya dukansa kai tsaye, kamar bakin taga ko ƙarƙashin rumfa.

Ka fara da cikin lemar. Kore ne mai duhu, amma ya kamata ka iya ganin bambancin shafa da shafa a cikinsa. Idan ya zama dunƙulallen baƙi, bugun ya yi duhu. Ka sauko kan fuskar, wadda take cikin inuwa saboda rana na bayan Camille. Launinta mai sanyi ne, ƙyallen mayafin kuma ya ratsa ta da 'yan layuka farare masu shuɗi-shuɗi. Idan fuskar ta fito ja ko ruwan lemo, an ƙara ɗumi fiye da kima. Daga nan ka duba rigar da kyau, ka ga ko shuɗin da ke cikin naɗe-naɗenta ya bambanta da shuɗin samaniya, ko kuma ɗigon rawayan nan yana nan bai koma kore ba. A ƙarshe ka kalli ciyawar, wadda ya kamata ta ƙunshi kore iri-iri da rawaya da ɗan shuɗi, ba kore ɗaya mai kururuwa ba. Ka kuma karkata takardar ka nemi siraran layuka da ke ratsa sararin sama a kwance, domin alama ce ta cewa wani bakin tawada ya toshe, sai a wanke kan injin a sake.

Kusan kowa yakan ce bugun ya fi abin da ya gani a kwamfuta duhu. Allon kwamfuta haske yake fitarwa, takarda kuwa hasken ɗaki take mayarwa, kuma yawancinmu mun saba barin allon a ƙure. Ka rage haskensa zuwa wajen rabi kafin ka kwatanta. Idan har yanzu bugun ya yi duhu, a ɗan ɗaga hasken tsaka-tsakin launuka kawai, ba tare da an taɓa wurare masu fari ba, don kada gajimaren ya wanke. A gyara abu ɗaya a kowane gwaji, a rubuta a bayan ƙyallen abin da aka canza, in ba haka ba ba za ka san wane gyara ne ya yi aiki ba. Idan ka gamsu, ka tafi da ƙyallen gida ka duba shi da dare a ƙarƙashin ƙwan fitilar ɗakin da za a rataye hoton, saboda fararen ƙwayaye masu shuɗi-shuɗi suna iya sanyaya zanen har ya rasa ɗumin ranar da ke cikinsa, kuma canza ƙwai ya fi sake bugu sauƙi.

Bayan an buga

A shimfiɗa kwafin a wuri mai tsabta na awa 24 kafin a rufe shi da komai. Fuskar takardar auduga ba ta son gogayya, farce ko zobe na iya barin tabo mai ƙyalli wanda ba ya gyaruwa, don haka a gefe kawai ake riƙe ta, da hannu busasshe. Wajen ɗauka, a sa ta tsakanin kwalaye biyu masu ƙarfi da takarda mai laushi a fuskarta. Kada ka yarda a yi mata lamineshin ko da an ce don kariya ne.

Sa firam

Abu uku ne ba a sassauci a kansu. Na farko, gilashi ba zai taɓa fuskar hoton ba, shi ya sa ake yanka taga a cikin kwali marar asid a ɗora a kansa, kaurin kwalin ya ba da 'yar tazara. Idan babu ita, danshin damina zai taru a cikin gilashin ya manne da tawadar. Faɗin santimita 6 zuwa 8 a kowane gefe ya isa, launinsa kuma fari mai ɗan ruwan madara. Na biyu, ba a shafa wa bayan hoton gam, ba a kuma kewaye shi da salatif. Ana rataye shi ne daga gefen sama kawai da 'yan ƙyallaye biyu na tef marar asid, ko takardar Japan da kunun sitacin alkama kamar yadda masu adana kayan tarihi ke yi, a bar sauran ɓangarorin uku a sake, saboda takarda tana buɗewa da danshi tana kuma tsukewa da bushewa, idan aka ɗaure ta ta ko'ina sai ta yi kumburi. Na uku, abin da zai taɓa bayan hoton shi ma kwali marar asid ne. Katako ko kwalin kaya a can bayansa za su zauna, idan ma ana bukatarsu.

Idan da hali, a sa gilashi mai tare hasken ultrabayolet, wato sashen hasken rana da ke koɗar da launi. Shi kansa firam ɗin gara ya zama marar hayaniya, katako mai haske ko fari, kuma akwai hujja a tarihi, domin wasu abokan tafiyar Monet, irin su Pissarro da Degas, sun baje aikinsu a cikin fararen firam a lokacin da ake yayin masu ruwan zinariya. A liƙe bayan da tef na takarda ta kowane gefe don ƙurar hunturu da ƙwari, a kuma manna 'yan ƙananan robobi biyu a kusurwoyin ƙasa don iska ta riƙa wucewa tsakanin firam da bango.

Wanda ya zaɓi kanbas ba ya bukatar gilashi, amma dole a fesa masa banish, wato ruwan kariya marar launi, wanda aka yi don irin wannan bugu bayan ya bushe, sannan a ja shi a kan katako busasshe. A bar masa farin gefe na santimita 5 ko fiye don naɗewa, kada a naɗe zanen kansa zuwa gefen katakon, domin sa hannun Monet da adadin 75, wato shekarar zanen, da ke kusa da shi suna dab da kusurwa.

Kafin a rufe bayan, ka rubuta da fensir a kan kwalin sunan mai zanen, da shekarar 1875, da gidan da ke riƙe da na asali, da ranar bugu, da irin takarda da tawada. Idan sayarwa za ka yi, ka faɗa wa mai saye a fili cewa kwafi ne, kada kuma ka ƙara masa wani sa hannu ko lamba da za ta sa a ɗauke shi abin da ba shi ba.

Inda za a rataye shi

Ka zaɓi bangon da rana ba ta dukansa a kowane lokaci na yini, wanda kuma ba ya jiƙa da damina, nesa da kicin da inda ake kunna turaren wuta, domin hayaƙi yana shiga ta 'yar kafa ya zauna a kan takarda. Tsakiyar hoton ta kasance kamar santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa. Tunda Monet daga ƙasan tudu ya kalli matarsa, idan ka ɗaga shi sama da haka kaɗan ba laifi, musamman a ɗakin da ake zama a kan kujera ko darduma. A yi amfani da ƙusa biyu don kada ya karkace. Wajen tsaftacewa, a fesa ruwan goge gilashi a jikin tsumma, kada a fesa a kan gilashin, saboda ruwan yakan gangara ya shige ta ƙasan firam ya jiƙa kwalin. Sau ɗaya a shekara, bayan damina ta ɗauke, a sauke shi a duba bayansa ko tef ya ɗago, ko akwai ɗigon fumfuna ko alamar gara, a sauya abin da ya lalace kafin a mayar da shi.